Wayar baiwar Allah nan lafiyarta ƙalau

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa, na rubuto ne a kan amsar da baƙon shirinku na kimiyya da fasaha ya ba baiwar Allah nan da ta koka cewa muryar ɗanta tana tsintsinkewa duk lokacin da ya kira ta ta intanet daga Jidda. Ya ce mata wayarta ce ta tsufa, ta nemi sabuwa. Wallahi amsar ta ɓata mini rai, domin gyaran waya ce sana'ata, kuma tun ranar ake kawo mini wayoyi lafiyayyu ana cewa in canza musu sifika, ni kuwa ba zan karɓi kuɗin talaka a kan abin da bai lalace ba.

Idan mutum ya yi kira ta intanet, wayarsa tana yanyanka muryarsa ne ƙanana-ƙanana, galibi guntaye 50 a kowace daƙiƙa, ta riƙa tura su ɗaya bayan ɗaya. Da zarar turken sadarwa ya cika da jama'a, kamar yadda muke gani kullum bayan sallar isha'i, sai wasu guntayen su salwanta a hanya, wasu kuma su iso a makare. Yawanci ba a sake aiko wanda ya ɓace, saboda hira ba ta jira. A ma'aunin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ana so jinkirin murya kada ya wuce kashi 150 cikin dubu na daƙiƙa.

A gabana wani dillalin albasa ya yi ciniki da abokin hulɗarsa na Agadas, ya ce dubu sha biyar, can kuwa aka ji dubu biyar. Guntayen da suka ɗauko "sha" ne kaɗai suka faɗi a hanya, amma sai da aka yi rantse-rantse kafin a fahimci juna, alhali wayarsa sabuwa ce fil.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne baƙon naku bai ko ambaci dabarun da masana suka ƙirƙiro ba. Wayar mai sauraro tana ɗan riƙe guntayen da suka iso kafin ta furta su, domin na baya su cim musu. Idan ɗaya ya ɓace, takan maimaita sautin da ya gabata tana rage masa ƙarfi, kamar yadda tela ke toshe ɓaraka da ƙyalle mai kama da rigar, kuma wannan ne ke sa murya ta koma kamar ta inji idan asarar ta yi yawa. Akwai kuma tsarin sarrafa murya mai suna Opus, wanda aka tabbatar a 2012, da ke iya cusa ƙaramin kwafin guntun baya a cikin na gaba, ta yadda za a maido da wanda ya ɓace. Sai dai duk waɗannan suna da iyaka: guntu ɗaya nan, ɗaya can, kunne ba ya ma lura, amma idan goma suka tafi a jere, gaɓar kalma ta tafi ke nan.

Da an ce mata ta kashe bidiyo, ta fito tsakar gida inda sabis ya fi ƙarfi, ta hana yara sauke fina-finai da datarta yayin kiran, ko su koma saƙon murya wanda ke isowa cikakke ko da ya makara, da an taimake ta ba tare da ta kashe sisi ba.

 Ina roƙon ku gayyato injiniyan sadarwa a shiri na gaba ya gyara wannan magana, kafin baiwar Allah nan ta sayar da akuyarta.

Naku mai sauraro,
Mai gyaran waya, Kano