Komawa Bakin Aiki Bayan Hutun Babbar Sallah

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi tsokaci kan yadda ma'aikata ke komawa bakin aiki bayan Babbar Sallah.

Gwamnatin Tarayya takan ba da hutun kwana biyu ne, alhali a Kano hawan Daushe da hawan Nassarawa suna biyo bayan ranar Idi, ga ziyarar dangi, ga suyar naman layya. Saboda haka ma'aikacin da ya zo gida daga Abuja yakan kama hanya da asubahin ranar aiki, ya bi ta Zariya da Kaduna cikin cunkoson motoci, ya isa ofis a gajiye, aljihu kuma wayam, domin albashi ya tafi wajen rago da ɗinkin yara. Wasu kuwa sai su ƙara wa kansu kwanaki ba tare da izini ba, talakan da ya zo neman sa hannu ya tarar da kujera babu kowa.

A ganina, gara ma'aikaci ya koma ana gobe aiki, ko da zai rasa kallon hawa, ya huce gajiya, ya kwanta da wuri, kuma tun kafin Sallah ya ware kuɗin mota da na cefane. Mai son ƙarin kwanaki ya nema a rubuce daga hutunsa na shekara. Shugabannin ma'aikatu su ma su daina jibga taruka a ranar farko, a fara sallamar mutanen da takardunsu suka kwana tun kafin hutu.

Wassalam.

Mai karatunku daga Fagge, Kano.