Rahoton ayyukan shekara na ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa, reshen Marwa, Kamaru

Assalamu alaikum iyaye, yayye da ƙanne. Ga rahoton da biro, wato shugabannin ƙungiya, ya ɗora min in rubuta, ku yi haƙuri ya makara.

Ziyarar marasa lafiya da ta'aziyya duk mun yi kamar kullum, kotizasiyo, wato kuɗin ƙungiya, kuwa har yanzu wasu ba su kammala ba, sun san kansu, ma'aji yana jira.

Abin da ya fi cin mana lokaci bana shi ne zaman da muka yi ta yi kan tsaro da shari'a, tunda duk wanda ke bin hanyar Mora ko Kolofata da kaya ya san halin da ake ciki. Tambayar ita ce, majalisar rejiyo, wato ta yankinmu na Arewa Mai Nisa, da aka fara zaɓa ran 6 ga Disamba 2020, mai kujera 90, ciki 20 na sarakunan gargajiya, me za ta iya mana a kan ɗan sanda ko jandarma ko alƙali? Amsa ba daɗi: kusan babu. Dokar 2019 ta ba rejiyo abubuwa irin su hanyoyi da lise (makarantun sakandare) da asibitoci, amma 'yan sanda suna ƙarƙashin fadar shugaban ƙasa, jandarmomi na ma'aikatar tsaro, alƙalai ma daga Yawunde ake naɗo su. Su 'yan sandan meri, wato na ofishin magajin gari, kuwa tsarin kasuwa da titi ne aikinsu.

Wani ƙaninmu da ya karanta lauya shi ya kawo mana misalin Ailan ta Arewa, wani yanki na Birtaniya, wallahi ranar har magariba ba a tashi ba. An yi sulhu kan rikicin yankin a 1998, amma sai 12 ga Afrilu 2010 Landan ta miƙa wa majalisar Belfas ikon 'yan sanda da kotuna, shekara 12 ke nan, kuma saboda manyan jam'iyyun biyu ba su yarda da juna ba sai aka ɗauko David Ford na jam'iyyar Alliance aka ba shi ministan shari'a. Abin da ya fi burge ni ni kam, tun 2001 sun kafa hukumar sa ido mai mutum 19, goma 'yan majalisa, wadda ke zaunar da shugaban 'yan sanda tana masa tambayoyi.

Nan kanmu ya rabu. Matasa suka ce a nemi ikon gaba ɗaya, ai 'yan sintiri na ƙauyuka su suka san daji. Dattawa suka ce a'a, in 'yan sanda suka koma hannun 'yan siyasar gida, wanda ba shi da uwa a gindin murhu ya shiga uku, balle mu da ake ce wa baƙi ko kakanka a nan aka haife shi. Ni dai ina bayan dattawa, ba don tsoro ba.

Abin da aka tsayar shi ne mu rubuta takarda zuwa ga kansilolin rejiyo, mu nemi a riƙa zama da shugabannin tsaro a bainar jama'a ko sau biyu ne a shekara, a tambaye su batun shingayen hanya da tsare mutum ba a kai shi kotu ba. An rubuta da Faransanci, ana kan fassarar Hausa da Fulatanci. Wanda bai sa hannu ba ya same ni a shago bayan la'asar.

Magatakarda