Wasiƙa daga Kuala Lumpur

Mutumina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da uwargida da su Hajiya. Na san wata huɗu ke nan ba ka ji ɗuriyata ba. Kada ka fara, kai ma ai ba nemana ka yi ba. Ka tambayi ranar dawowata, zan zo kan wannan. Amma tukuna, albishirinka: na dafa rendang, an cinye har da suɗe kwano. Ni ɗin nan da ka ce ko ruwan zafi na ɗora sai ya yi ƙauri.

Naman sa ne ake dafawa cikin madarar kwakwa har ruwan ya ƙafe ƙaf. Asalinsa na Minangkabau ne, mutanen Sumatra ta Yamma a Indunusiya, can wajen Padang. Mai gidan da nake haya, Makcik muke ce mata, wato gwaggo, 'yar jihar Negeri Sembilan ce ta nan Malesiya, kakanninta daga Sumatra suka ƙetaro. Amma ka kuskura ka ce a gaban ɗan Indunusiya abincin Malesiya ne, ka ga tashin hankali, rigimarmu da 'yan Gana kan dafa-duka wasa ce. Tun da masu karanta CNN suka zaɓe shi na ɗaya a abincin duniya a 2011, kowa ya ƙara riƙe wuya.

Gwajin farko da Babbar Sallah na yi, kilo 2 na naman layya. Na cika wuta, na tafi kallon ƙwallo. Ƙanzo na tarar. Makcik ba ta ce uffan ba, ta dai buɗe tagogi.

Karo na biyu a kaina ta tsaya. Aka markaɗa jar albasa, tafarnuwa, citta, kurkum, busasshen barkono, da lengkuas, wani ɗan'uwan citta. Aka jefa serai, ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami, da ganyen kurkum da na lemo. Sai juyi, malam, awa 4 a kan wuta 'yar kaɗan. Yana da romo, sunansa gulai. Ya yi kauri, ya koma kalio, kuma a nan ragwaye ke saukewa, a nan ma na so in sauke ta harare ni. Sai man kwakwar ya fito, naman ya soyu a cikinsa ya yi duhu, sannan ya ci sunansa. Daf da ƙarshe ta zuba kerisik, kwakwar da aka soya aka daka. Har yau kafaɗata ciwo take.

Af, da gaske ne wai Dogo ya ƙara aure? Da wane kuɗin? Bashin babur ɗina fa yana nan, ka tuna masa.

Ka san abin da ya kama ni? Yana yin makonni bai lalace ba, shi ya sa matafiyan Minang ke guzurinsa. Ina ci sai na tuna soyayyen naman layyar da Hajiya ke ɓoyewa a kwalla, muna sata ana dukan ƙanenka. Na yi shiru, Makcik ta zaci yaji ne ya shaƙe ni. Da lemang muka ci, shinkafa mai danƙo da ake gasawa cikin gora.

Kada ma ka tuna mata gasar girkin Ingila ta 2018, da alƙali ya ce fatar kazar rendang ya kamata ta yi ƙaras-ƙaras. Har Najib Razak, yana firaministan Malesiya, sai da ya tanka. Ita kam har yau ba ta huce ba.

In yaron nan na unguwarku zai taho watan gobe, ka ba shi daddawa da kuka, a ɗaure sosai. Na yi wa Makcik alkawarin miyar kuka, tana ta yi min gori.

Ka gaida kowa.

Naka,
ɗan hayar Makcik