A gano ciwon inji kafin a canza kaya a motar hannu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin waɗanda suka sayi motar hannu kwanan nan, saboda na lura cewa yawancin asarar da ake tafkawa a watannin farko tana zuwa ne daga gyaran lalube, wato a canza wannan a canza wancan alhali ba a san ainihin abin da ke damun inji ba.

Abin ya faru a kaina. Mako biyu da sayen motata sai ta soma jijjiga idan tana sulo. Bakanike na farko ya canza fulogai huɗu, na biyu ya ce famfon mai ne, aka sayo aka ɗaura, amma jijjiga tana nan daram. Sai da aka jona na'urar gwaji ta fitar da lamba P0302, wadda ke nufin silinda ta biyu ba ta ƙona mai yadda ya kamata. Mai gyaran ya musanya kwayil ɗin silinda ta biyu, wato abin da ke ba fulogi wuta, da na ta uku, lambar ta koma P0303, nan take aka tabbata kwayil ɗaya ne ya mutu.

Tun 1996 doka ta wajabta wa ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka su zo da tsarin OBD-II, wato tsarin da kwamfutar mota ke bayyana matsalar inji da lambobi, Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga motoci masu amfani da fetur, don haka da wuya a sami motar zamani da ba ta da soket ɗin jona na'urar gwaji mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari. Sai dai lambar da na'ura ta bayar tana nuna unguwar da ciwon yake ne kawai, gano gidan kuwa aikin bakanike ne. Lamba P0171, alal misali, tana cewa iska ta fi mai yawa a cikin inji, kuma hakan na iya kasancewa tiyo ne ya tsage, ko na'urar auna iska ta yi datti, ko famfon mai ya yi sanyi. Wanda ya ga lambar ya ce a sayo famfo ba tare da ya auna ƙarfin mai ba, shi ma lalube yake yi.

Mai mota da kansa yana da abin dubawa. Idan ya murɗa makulli kafin ya tayar, fitilar gargaɗin inji dole ta kama, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, akwai yiwuwar an kashe ta ne domin a ɓoye aibi. In kuwa tana ƙyaftawa ana cikin tafiya, ya rage gudu ya nemi wurin tsayawa, domin ɗanyen mai yana sauka cikin salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce ta inji yana shan baƙin mai, baƙi yana nuna fetur ya yi yawa, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama kuwa yakan nuna gaskit ya ƙone ruwa yana shiga silinda.

Shawarata ita ce duk wanda bai karɓi takardun tarihin gyara ba, ya ɗauka ba a yi komai ba. Ya juye baƙin mai ya sa irin wanda kamfanin motar ya rubuta a littafinta, ya canza matatun mai da na iska, ya sabunta man birki, wanda ke jan danshi har ya rage ƙarfi cikin kimanin shekara biyu. Idan injin mai bel ɗin tayimin ne, wato bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da na fistin, kada ya jira, ya canza shi, domin a injuna da yawa tsinkewarsa na sa fistin ya daki bawul, gyaran da bel ɗaya zai hana ya zama sauke inji gaba ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne cire tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya ɗumama, da sunan maganin zafi. An ƙera inji ne ya yi aiki a wajen digiri 90, kuma tamostat ce ke kai shi can da wuri ta riƙe shi. Idan aka cire ta, inji yakan daɗe da sanyi, kwamfutar mota ta yi ta ƙara masa fetur, kayan ciki su yi ta cin juna, ainihin dalilin zafin kuma, ko lagireto ne ya toshe ko fanka ce ba ta juyawa, yana nan ba a taɓa shi ba. Haka zuba tsurar ruwa a lagireto maimakon ruwan sanyaya inji yana jawo tsatsa, ita ce kuma ke toshe hanyoyin da ake kuka da su daga baya.

Ina roƙon jaridar nan ta ware shafi inda ƙwararrun makanikai za su riƙa amsa tambayoyin masu karatu kan irin waɗannan alamu, tare da bayanin gwajin da ya kamata a yi kafin a kwance ko da noti ɗaya.

Wassalam,
Wani mai karatu