Idan Aka Watsa Guba, Wa Ya Shirya?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili, kullum maganar tsaro bindiga da bam ake yi kamar su kaɗai 'yan ta'adda suka sani. A watan Maris 1995 'yan wata ƙungiyar addini ta Japan mai suna Aum Shinrikyo suka saki iska mai guba da ake kira sarin a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokyo, mutum 13 suka mutu, dubbai suka jikkata, kuma abin da ya fi ɗaure min kai har ma'aikatan asibiti gubar ta taɓa saboda marasa lafiya sun shigo da ita a jikin tufafinsu. Japan fa kenan! A 2001 kuma wasiƙu ɗauke da ƙwayoyin cutar anthrax suka kashe mutum 5 a Amurka.

Sa hannu kan yarjejeniyar hana makamai masu guba da ta fara aiki a 1997 bai isa ba wallahi. Gwamnatoci su faɗa mana, akwai allurar atropine, wato maganin guba irin ta sarin, a ajiye? An koya wa 'yan kwana-kwana da nas-nas su tuɓe wa mutum kaya su wanke shi kafin a shigar da shi asibiti?

Naku, mai karatu.