Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Zaman Sulhu Da 'Yan Bindiga

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagatai da Masu Unguwanninmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta ban girma da fatan Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, mu talakawanka na ƙauyukan da ke bakin daji, manoma da 'yan kasuwa da limamai da matan da aka kashe mazajensu, har da waɗanda gudun hijira ta zaunar a cikin gari, muna kawo kukanmu gabanka kan maganar da ta hana majalisu da masallatanmu sakat.

Labari ya iske mu cewa ana shirin zama da shugabannin 'yan bindiga a madadin al'ummar wannan gunduma, irin zaman da aka yi a Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa a 2025. An ce har an kafa kwamiti. A bakin 'yan acaɓa muka ji, babu wanda ya tara mu ya tambaye mu abin da muke so a faɗa da sunanmu.

Ba za mu ɓoye maka ba, kanmu a rabe yake. Akwai dattawa a cikinmu da ke cewa ko da wane sharaɗi ne a yi sulhun, in dai mutum zai kwana a ɗakinsa ya wayi gari ya tafi gona. Wanda ya shekara yana kwana a cikin dawa da iyalinsa, yana toshe bakin jariri kada kukansa ya tona musu asiri, ba wanda zai ga laifinsa don ya faɗi haka. Akwai kuma matasa da ke cewa zama da wanda ya kashe mahaifinka cin amanar mamaci ne. Mun yi ta ja-in-ja, wani lokaci har da ɗaga murya, kafin muka tsaya a kan abu guda: muna son sulhu, amma wanda aka yi da saninmu, wanda kuma zai raba mu da harajin daji da bakin bindiga.

Dalilin tsoronmu ba boyayye ba ne, domin ba yau aka fara ba. Tsohon Gwamnan jiharmu ta Katsina Aminu Bello Masari ya yi sulhu da waɗannan mutane har sau biyu. A 2019 da kansa ya shiga ƙauyukan bakin daji ya zauna da su, aka yi musayar fursunoni da waɗanda aka sace. A 2020 shi da bakinsa ya ce sun ci amana, ba zai sake ba. A Zamfara ma Gwamnan wancan lokaci Bello Matawalle ya bi wannan hanya tun 2019. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a jihar Katsina. Auwal Daudawa, wanda ya jagoranci wannan aika-aika, ya fito a Gusau a watan Fabrairun 2021, ya miƙa bindigogi, ya dafa Alƙur'ani ya rantse ya tuba. Ba a yi wata uku ba ya koma daji, can kuma aka kashe shi. A watan da ya yi rantsuwar ne aka sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe. Duk wanda zai zauna a madadinmu ya kamata ya shiga wurin zaman da wannan tarihin a ransa.

Mun kuma ɗanɗani ɗaya hanyar. A 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama, aka hana sayar da fetur a jarka, aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni. Mu muka fi jin jiki, don ko hari aka kawo babu yadda za mu kira ɗauki. Jami'an tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023 'ya'yanmu ne, sun yi ƙoƙari, wasunsu sun rasa rayukansu, amma dajin Rugu ya fi ƙarfin adadinsu.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya, ranka ya daɗe, shi ne kuɗin noma. Da damina ta kama sai saƙo ya zo daga daji cewa gari kaza zai biya kaza kafin a taɓa gona. Mai unguwa ya bi gida gida yana tarawa, idonsa a ƙasa don kunya. Mai akuya ya sayar, mace ta fitar da kwanukan ɗakinta. In amfani ya nuna sai a sake aiko wani saƙon kafin a yanke gero. Wani lokaci a tasa ƙeyar majiya ƙarfi su je su nome wa ɓarayi gonakinsu kyauta, tasu gonar na can ciyawa ta cinye. Wanda aka sace masa ɗa kuwa, bayan kuɗin fansa sai an haɗa da sabon babur da katin waya da buhun shinkafa, kuma gonar gado ce ake jinginarwa a biya. Idan aka sa hannu a takarda aka ci abinci aka ɗauki hoto, alhali wannan harajin na nan, to mu a wurinmu ba a yi komai ba. Muna roƙo ya zama magana ta farko a wurin zaman, kuma a faɗe ta a fili gaban jama'a: daga ranar an daina karɓar ko sisi a kan noma, girbi ko bin hanya.

Sai maganar makamai. Mun ga bidiyoyin zaman da aka yi a wasu wurare a wayoyinmu: mutane sun zo rataye da bindigogi da jigidar harsasai, sun yi jawabi, sun hau baburansu sun koma da kayansu. Yaranmu ma sun gani, kuma muna tsoron darasin da suke ɗauka. Mun san ba a rana ɗaya za a karɓe komai ba. Amma a sa wa'adi, a san hannun da zai karɓa, kuma kafin nan kada kowa ya shigo kasuwa ko masallacin Juma'a da makami. A sako duk wanda ke tsare a daji ba tare da fansa ba, kafin a yi maganar sakin kowa daga hannun hukuma. Wanda ke gaban kotu kan kisa, a bar shari'a ta yi aikinta. Yafe jini haƙƙin magada ne, kwamiti ba shi da ikon yafewa a madadin marayu.

Gaskiya ɗaya ce, dole mu faɗi wadda ta shafe mu. Fulani makiyaya da yawa ba su taɓa riƙe bindiga ba, su ma an kore musu shanu, an sace musu 'ya'ya. An tare wasu a hanyar kasuwa an kashe su ba tare da bincike ba, don kawai kamanninsu. An nome burtali, an cinye makiyaya da mashaya, wasu ma da takardar sayarwa. Wannan zalunci ne, kuma yana cikin abin da ya hura wutar. Muna goyon bayan a sake shata burtalai, a hana kowa ɗaukar doka a hannunsa, a kira arɗo-arɗo na gaskiya su zauna tare da mu. Masu kai wa ɓarayi rahoto kuwa a cikinmu suke, muna sallah sahu ɗaya da su. A miƙa su ga hukuma ko ɗan wane ne.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabta. Sau da yawa in an yi sulhu a wannan yanki, sai harin ya koma ƙaramar hukumar da ke kusa, a bi ta gonakin waɗanda suka yi sulhun da shanun sata, su kuma an ce kada su ce uffan. Can ɗin ma akwai 'ya'yanmu da muka aurar. Ba mu yarda ƙasarmu ta zama hanyar kai wa wasu hari ba, a rubuta wannan cikin sharuɗɗan.

Gwamnatin jiha ta sha faɗin cewa ba ita ke yin sulhu ba, al'umma ne ke yi. In haka ne, wa zai tsaya mana ranar da aka karya alkawari? Muna roƙonka ka isar da wannan tambaya ga Majalisar Masarauta da shugaban ƙaramar hukuma, a samu jami'an tsaro su zama shaidu, kuma kada a janye su daga inda suke don an ce an sasanta.

Buƙatarmu ta gaggawa, ranka ya daɗe, ita ce ka kira taro a ƙofar fada kafin ranar zaman, ranar da ba ta kasuwa ba don mutanen ƙauye su samu zuwa. A karanta mana sunayen 'yan kwamiti da sharuɗɗan da za su kai, da Hausa. A ba kowane ƙauye damar zaɓar wakilinsa, a kuma ware wa mata wuri su yi magana da bakinsu, domin abin da aka yi wa wasunsu a daji ba za su iya faɗa a gaban maza ba, sai dai ta bakin 'yan'uwansu mata.

Mun sa hannu, waɗanda ba su iya rubutu ba sun dangwala yatsa. Takardar sunayen tana hannun limamanmu, kuma muna roƙon kada ta wuce hannunka, saboda tsaron rayukan masu ita.

Allah ya ja zamaninka.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Al'ummar ƙauyukan bakin daji na wannan gunduma.