A Ba Ɗan Zagayen Farko Kaka Uku Kafin a Kira Shi Asara

Malam Edita, Assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a shafin wasanni domin mu yi magana da masu buga ƙwallon ƙafar Amurka ta kwamfuta, musamman masu haɗa gasa ta intanet a sashen Franchise na wasan Madden, inda mutum ke riƙe ƙungiya ɗaya cikin 32, kaka bayan kaka. Irin wannan gasa ba ta rabuwa da al'adar waiwaye: a ɗauko jerin waɗanda aka zaɓa a zagayen farko a shekarun baya, a ce wane ya ci riba, wane ya yi asara. Al'adar ba ta da laifi. Yadda ake yin ta ne ke da gyara, domin galibi lamba ɗaya ake dubawa, wato makin ɗan wasa na jimla wanda ƙarshensa 99, a yanke masa hukunci tun bai gama kakarsa ta farko ba.

Ga wanda bai saba ba, zaɓen sababbin 'yan wasa a NFL, babbar gasar ƙwallon ƙafar Amurka wadda Madden ke kwaikwayo, zagaye 7 ne. Ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓa, wadda ta ɗauki kofin Super Bowl kuma ita ce ta ƙarshe. Ke nan wanda aka zaɓa a sama yawanci ƙungiya mai rauni yake faɗawa. David Carr, kwatabak (mai jefa ƙwallo da ke jagorantar hari) da Houston Texans ta ɗauka na ɗaya a 2002, sau 76 aka kayar da shi da ƙwallo a hannu a kakarsa ta farko, saboda katangar da ke gabansa ba ta tare kowa. Haka injin wasan yake yi wa kwatabak ɗin da aka sa a bayan masu tarewa marasa ƙarfi: zai riƙa jifa cikin gaggawa, a riƙa ƙwace masa ƙwallo a sama, alƙalumansa su lalace, alhali ba a zaɓen aka yi kuskure ba.

Lokacin hukunci shi ne bayan kaka ta uku. NFL ma haka take yi. Tun yarjejeniyar 2011, ɗan zagayen farko kwantiragin shekara 4 yake samu, ƙungiya kuma tana da damar ƙara masa ta biyar, amma sai ya kammala kaka uku take yanke shawara. Josh Allen, na 7 a 2018, kashi 52.8 cikin ɗari na jifarsa ne ya isa hannun abokan wasansa a kakar farko. A ta uku ya kai 69.2. Aaron Rodgers, na 24 a 2005, kaka uku ya yi a benci a bayan Brett Favre kafin ya karɓi ragamar Green Bay a 2008. Robert Griffin III kuwa, na 2 a 2012, shi ya lashe kyautar gwarzon sababbin 'yan wasa a ɓangaren kai hari, raunin gwiwa ya biyo baya, bai sake komawa yadda yake ba. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Abu na gaba, a auna ɗan wasa da gurbin da aka ɗauke shi. Na ɗaya da na 30 duk 'yan zagayen farko ne, amma kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Jadawalin darajar gurabu da ake dangantawa da Jimmy Johnson, kocin Dallas Cowboys a farkon shekarun 1990, ya ba gurbi na ɗaya maki 3,000, na biyu 2,600, na uku 2,200, na goma 1,300, na 16 maki 1,000, na 32 kuma 590. Wanda aka ɗauka na 29 ya zama ɗan wasan sahun farko na dindindin ya biya kuɗinsa. Wanda aka ɗauka na 3 ya tsaya nan kawai, bai biya ba.

Idan kuma da musaya aka hau gurbin, dole a haɗa duk abin da aka bayar cikin lissafi, kuma nan ne masu waiwaye suka fi yin sakaci. A 2017 Chicago Bears ta tashi daga na 3 zuwa na 2 don ta ɗauki Mitchell Trubisky, ta ba San Francisco gurbinta, da na zagaye na uku da na huɗu na shekarar, da wani na zagaye na uku na 2018. A wannan zaɓen dai Kansas City ta tashi daga na 27 zuwa na 10, ta bayar da gurbinta, da na zagaye na uku, da na zagayen farko na 2018, ta ɗauki Patrick Mahomes. Duk wanda zai auna waɗannan zaɓuɓɓuka biyu sai ya sa 'yan wasan da aka ɗauka da gurabun da aka sallama a ɗaya gefen sikeli. A gasar kwamfuta ma haka ne, kuma shugaban gasa ne ya kamata ya adana tarihin musayar a waje guda, don bayan kaka huɗu ba mai tuna wa ya ba wa me.

Sai abubuwan da suka keɓanta da wasan kwamfuta, waɗanda a ganinmu su ne suka fi ɓata hukunci.

Madden yana ba kowane ɗan wasa matakin bunƙasa: Normal, Star, Superstar ko X-Factor. Matakin ne ke nuna saurin tara makin gogewa, wanda da shi ake ɗaga ƙwarewa. Sabon ɗan wasan da ya wuce Normal matakinsa a ɓoye yake zuwa, ba ya bayyana sai ya buga tashin ƙwallo (kowane karo da aka ɗaga ƙwallo daga ƙasa aka fara hari) 500, ko kuma kaka ta ƙare. Saboda haka mai maki 70 ɗan shekara 21 da ke matakin Superstar ya fi mai maki 76 ɗan shekara 24 da ke Normal amfani nan gaba, domin ɗaga maki yana ƙara tsada idan shekaru suka ja. Wanda ya dubi 70 da 76 kawai, hukuncinsa a juye zai fito. Kuma idan mai ƙungiya ya ajiye yaro a benci bai ba shi wasa ba, rashin bunƙasarsa laifin reno ne, sai a rubuta shi a shafin reno.

Tsawon wasa ma yana ruɗarwa. A NFL kowane rubu'i minti 15 ne, ƙungiya kan yi tashin ƙwallo 60 da ɗoriya a wasa. Gasar intanet kan rage mintuna don mutane su gama da wuri. Idan ana samun tashi 60 a wasa, a wasa na tara ake cika 500. Idan 40 ake samu, sai a na 13. Don haka kada a kwatanta jimillar yadi tsakanin kakar da aka buga da rubu'i na minti 5 da wadda aka buga da na minti 8. A raba: yadi nawa a kowane jifa, yadi nawa a kowane gudu, sau nawa ya kayar da kwatabak a kowane tashi ɗari. Haka kuma duk kakar da aka taɓa ma'aunin makin gogewa ko na wahalar wasa, a sa mata alama a jeri, domin 'yan wannan shekarar za su yi kamar sun fi na baya alhali saitin ne ya canza.

Sannan akwai hannun mai riƙe da abin bugawa. Gwani zai iya jefa wa mai cafe ƙwallo guda ɗaya mai tsananin gudu fiye da sau goma a kowane wasa, ya tara masa alƙaluman da ba su dace da ƙwarewarsa ba. Maganin wannan shi ne a ware wasannin da mutum ya buga da hannu daga waɗanda injin ya buga da kansa, a duba ko yaron yana taɓuka abu idan ba mai tura shi. Masu tarewa a gaba kuwa, su ba su da yadi ba su da tacdawun (cin maki ta kai ƙwallo ƙarshen fili), shi ya sa ake zaluntar su a kowane waiwaye. Su da yawan wasannin da suka fara, da kayar da kwatabak ɗin da aka yi ta gefensu, ake auna su.

Takardar da muke ba da shawara ba ta wuce shafi ɗaya ba. Kowane ɗan wasa layi guda: gurbinsa da makin gurbin, abin da aka bayar idan an yi musaya, matsayinsa a fili, shekarunsa ranar zaɓe, makinsa na ranar da na bayan kaka uku, matakin bunƙasa, wasannin da ya fara cikin 51 na kakanni uku, wasannin da rauni ya hana shi, da ko an sabunta masa kwantiragi. Na ƙarshen nan yana da nauyi, domin mai ƙungiyar da ke fama da iyakar albashi ba ya kashe kuɗi a kan wanda ba ya amfanarsa.

A ƙarshen layi a ba da maki biyu daban, ɗaya na shawara, ɗaya na sakamako. Na shawara da abin da aka sani ranar zaɓe ake bayar da shi: rahoton masu leƙe (masu binciken ƙwarewar sababbin 'yan wasa), gudun yadi 40, buƙatar ƙungiya, da waɗanda suka rage ba a ɗauka ba a wannan matsayi. Ba adalci ba ne a ce wa mutum don me bai ɗauki wani ɗan zagaye na shida da ya zama tauraro ba. Tom Brady, wanda ya zama tauraro, na 199 aka ɗauke shi a zagaye na shida a 2000, kuma New England ɗin da ta ɗauke shi ita ma ta tsallake shi sau da dama kafin nan. Don makin shawara ya yiwu, shugaban gasa ya buƙaci kowane mai ƙungiya ya rubuta dalilinsa cikin layi biyu a ranar zaɓe, a ɗauki hoton rahoton masu leƙe a ajiye tare da shi kafin a tura gasar zuwa mako na gaba.

Wassalam.

Daga wasu masu bibiyar gasannin Madden na intanet.